Abin da makanikai suka yi ittifaƙi a kai game da faifan birkin motocin alfarma

Da makanikai suka tattauna kan faifan birki (ƙarfen da ke juyawa tare da taya, wanda birki ke matsewa), shawarar da kowa ya fara da ita ita ce: kada a yanke hukunci da ido. A jikin kowane faifan birki an buga mafi ƙarancin kaurinsa, galibi da rubutun MIN TH. A auna da maikiromita (ma'aunin kauri) a wurare da dama a zagayen faifan, a guje wa tudun da ke bakin gefensa. A motoci irin su Mercedes da BMW, tazarar da ke tsakanin sabo da wanda ya ƙare ba ta cika wuce milimita 2 ba, shi ya sa mafi yawan makanikan suka ce sauya faifan ya fi a kankare shi da inji.

Batun da aka fi daɗewa a kansa shi ne karkarwar sitiyari idan an taka birki. Mutane kan ce faifai ya lanƙwashe, alhali sau da yawa tsatsa ce aka bari a kan mazaunin faifan, ko an ɗaure notocin taya ba daidai ba. Faifan sai ya zauna a karkace, ya riƙa cinyewa gefe guda. A goge mazaunin da buroshin ƙarfe har ya yi ƙal, a ɗaure notoci a gicciye da sifana mai auna ƙarfi, gwargwadon littafin motar.

Ana sauya hagu da dama tare, da sabon fad (abin da ke matse faifan) da wayar da ke gargaɗi idan ya cinye. Idan birkin ajiyewa na lantarki ne, sai an sake shi da na'urar kwamfuta kafin a tura fistan (abin da ke tura fad) baya, in ba haka ba ƙaramin injin lantarkin birkin ya lalace.

Bayan haɗawa, a rage gudu daga kilomita 60 zuwa 10 kamar sau takwas ba tare da tsayawa cak ba, sannan a bar birkin ya huce.