Musayar Waƙa Kan Tashar Malam Madori

Ɗan Tasha:
Bismillahi, ni zan buɗe fili,
In waƙe Madori mai tsohon sikeli.
Ƙauye ce can da, in ka bi asali,
Dogon 1930 shi ne dalili.
Daga Kano ya taso, Nguru zai kwana,
Ya bar Ringim, ya bar Gagarawa,
Nan yake numfasawa kafin Birniwa.

Bahaɗejiya:
Sannu Ɗan Tasha, ɗan ja da baya,
Tasharku tamu ce, faɗi gaskiya.
Gyaɗar ƙasar Haɗeja ce ta cika hanya,
Ku 'yan dakonmu ne, masu jiran kaya.

Ɗan Tasha:
Na yarda, Yaya, ganuwa taku ce,
Amma jirgi ya hango ta ya kauce.
Mai zuwa Ikko, ko ɗan sarki ne,
Sai ya zo garinmu kafin ya wuce!

Baba Mai Sikeli:
'Ya'yana, ku dakata da cacar baki,
Ni na ga zamanin, ba a mafarki.
In kaka ta yi, ba barci sai aiki,
'Yan baranda na tare mai raƙumi da mai jaki.
Ni ke kan sikeli, akawu na ɗaki,
Buhu kan buhu har ya zama mamaki.
Ibo da Yarbawa, ma'aikatan reluwe,
Mun ci a akushi ɗaya, mun zama 'yan'uwa,
Sun iya Hausa har da habaici da ba'a.
Sai farin 1973 ya ƙone shuka,
1975 kuturtar gyaɗa ta ƙarasa sauran duka.
Kuɗin fetur ya zo, gwamnati ta juya baya,
Tirela ta ƙwace wa taragu kaya.

Bahaɗejiya:
Allah ya ja kwana, Baba, na sauko,
Kakata ma ta nan ta hau zuwa Ikko.

'Yar Auta:
Baba, mu mun taso ne a Jigawa,
Jihar 1991, ba mu ga dalar gyaɗa ba kuwa.
Riɗi muke gani yana tafiya a mota,
Awaki na kiwo tsakanin ƙarafa.
In jirgi na tafe, yaya kuke ganewa?

Baba Mai Sikeli:
Auta, kunne muke karawa a dogo,
Ƙarfe ya yi tsuwa tun yana can nesa.
Mai fura ta miƙe, mai ƙosai ta kwasa,
Ni kuwa in ruga in kaɗe awakin Inna.