Wai arhar fili ce ke kai cibiyoyin bincike ƙananan garuruwa?

Nasiru: Jama'a ni fa ina nan kan bakata, duk wannan zancen wai manyan kamfanonin fasaha na kai cibiyar bincikensu ƙaramin gari don natsuwa ko don ilimi, ado ne kawai ake yi wa magana, kuɗi ne. Fili arha, haya arha, albashi bai kai na babban birni ba, ga hukumar yankin ta sassauta musu haraji don dai su zo. Ku duba Bell Labs, cibiyar binciken kamfanin tarho na Amurka, da can a tsakiyar Niyok suke, farkon shekarun 1940 suka fara kwashewa zuwa Murray Hill a jihar New Jersey. IBM ma a 1961 ta buɗe babbar cibiyarta a Yorktown Heights, can arewa da birnin inda sai itatuwa. In ba tsada ba me ya kore su?

Injiniya Halima: Nasiru misalin da ka kawo ai shi ya kayar da kai. Tsohon ginin Bell Labs na titin West Street layin dogo ne ya ratsa ta cikinsa, jirgin kaya na wucewa ta jikin ginin kansa, mutane kuma suna ciki suna auna sauti da ƙaramar wutar da ko takun ƙafa na iya dagula ta. Ta yaya za a yi aiki haka? Sun fita neman shiru da sarari ne, kuma a Murray Hill ɗin aka ƙirƙiro tiransisto, ɗan makunnin da ke cikin kusan kowace na'urar lantarki, a 1947. Sannan ka tambayi duk wanda ya taɓa riƙe kasafin ɗakin gwaji, abin da ke cin kuɗi albashi ne da na'urori, fili sau ɗaya ake saya a manta. Mai digirin digirgir ɗin da kamfani goma ke zawarci ba zai rage maka ko sisi don ka ajiye shi a ƙaramin gari ba, wani ma sai ka ƙara masa kafin ya yarda ya tafi.

Nasiru: To Anti Halima Research Triangle Park fa, dandalin binciken nan? Jihar North Carolina lokacin tana cikin jihohi masu ƙaramin ƙarfi a Amurka, taba da masaƙa da kujeru ne arzikinsu, suka ware daji a 1959 suka ce kamfanoni ku zo. Wannan ba arha ba ce?

Malam Bashir: Ƙanina ka faɗi rabi ka bar rabi. Dajin nan ba ko'ina aka yanke shi ba, tsakanin jami'o'i uku aka yanke shi, Duke a Durham, jami'ar jiha a Raleigh, da ta Chapel Hill, shi ya sa ma ake ce masa mai kusurwa uku. Abin da ya dame su shi ne suna yaye ɗalibai masu kyau duk suna guduwa wasu jihohi neman aiki. Kuma da arha kaɗai ke jawo kamfani da shekarar farko wurin ya cika, amma haka ya yi ta jan ƙafa har 1965 da IBM ta shigo sannan abu ya kankama. Fili mai arha ai ya cika Amurka, me ya sa ba a je sauran ba?

Sadiq: Ku yi haƙuri ni tambayar ce ma ban yarda da ita ba. Wa ya ce har yanzu ƙananan garuruwa suke zaɓa? Duk misalanku na zamanin kakanni ne. Yau ina ake binciken ƙirƙirarriyar basira? OpenAI na San Francisco, DeepMind na tsakiyar Landan kusa da tashar King's Cross inda haya ke ƙona hannu. Amazon da ta ce tana neman mazauni na biyu wurare 238 suka nema, ƙanana da manya kowa ya baje kolinsa, a 2018 ta tashi ta zaɓi gefen Washington da Niyok. Ko a Afirka IBM Nairobi ta je a 2013, Google kuma Accra ta kai cibiyarta, duk manyan biranen ƙasa. Ita kanta Bell Labs ɗin da kuke ta ambato, Nokia mai ita ta sanar a 2023 za ta bar Murray Hill ta koma New Brunswick.

Injiniya Halima: Sadiq kana da gaskiya a ɓangare ɗaya amma ka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Wanda aikinsa rubuta manhaja ne kwamfuta da intanet sun ishe shi, ko a bene na talatin ka sa shi zai yi aiki. Wanda ke taɓa ƙarfe da gilashi da haske fa? IBM na da cibiya a Rüschlikon, wani ɗan gari a bakin tafki kusa da Zurich, nan aka ƙera madubin da ke ganin ƙwayar zarra ɗaya-ɗaya, suka ci Nobel a 1986 suka sake ci a 1987 da wani binciken daban, shekara biyu a jere daga gida ɗaya. A 2011 suka gina ɗakunan gwaji a ƙarƙashin ƙasa, an ɗora na'urorin kan manyan dunƙulen kankare, an kare su daga girgiza da ƙara da maganaɗisu, har mai gwajin ma daga wani ɗaki yake sarrafa na'urar don ɗumin jikinsa kaɗai na iya ɓata awo. Wannan ba ka yin sa a saman tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. ASML mai ƙera injinan da ake buga ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta da su, Veldhoven take a Holan, yawancin mutane ko sunan ba su taɓa ji ba. TSMC ta Taiwan mai buga ƙwaƙwalwar kuma Hsinchu take ba Taipei babban birni ba. Kuma New Brunswick ɗin da ka faɗa ai ƙaramin gari ne, abin da ke cikinsa jami'ar Rutgers ce.

Malam Bashir: Yauwa nan nake so a zo. Ni abin da na yarda da shi, kamfani ba gari yake zaɓa ba, mutum yake bi. Microsoft ta buɗe cibiyar bincikenta ta farko a wajen Amurka a 1997, ba ta je Landan ba Kambirij ta je, ta ɗauko Farfesa Roger Needham na jami'ar ya shugabance ta. Hsinchu tun kafin a buɗe dandalin kimiyya a 1980 akwai jami'o'i biyu masu ƙarfi a injiniyanci da cibiyar binciken gwamnati ta ITRI. Eindhoven kuwa, maƙwabciyar Veldhoven, Philips ta kafa ɗakin bincike tun 1914, ASML daga cikinta ta fito a 1984, ba wai wani ya zauna da taswira ya zaɓa ba. DeepMind ɗin Sadiq ma a 2017 ta buɗe reshe a Edmonton ta Kanada, garin sanyi mai nisa, don me? Don Richard Sutton, ƙwararre a ƙirƙirarriyar basira, na can yana koyarwa shi da ɗalibansa. Kai ita kanta Silicon Valley gonakin 'ya'yan itace ne lokacin da William Shockley, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro tiransisto, ya kafa kamfaninsa a Mountain View a 1956, kuma cikin dalilansa har da mahaifiyarsa da ke zaune a Palo Alto.

Sadiq: Malam reshen Edmonton ɗin ai sun rufe shi a 2023.

Ummi: Alhamdulillah da ka faɗi wannan Sadiq, don tun ɗazu kowa lissafin kamfani yake yi ba wanda ya tambayi mutanen garin. Ni wallahi nan ne abin ke min ciwo. In kamfani ya rufe reshe a Landan injiniya ya tsallaka titi ya samu wani aiki, yaransa ko makaranta ba za su canja ba. A ƙaramin gari fa? Ku duba Salo a Finlan, gari ne da kusan komai nasa ya rataya a wuyan Nokia, aka rufe masana'antar waya a 2012, Microsoft da ta sayi sashen wayar ta zo ta rufe na binciken a 2015, ba injiniyoyi kaɗai suka ji a jikinsu ba, mai shago da mai gidan haya da asusun ƙaramar hukuma duk sun ji. Sannan ba a maganar matar mai binciken ko mijinta, an ɗauke ka aiki mai kyau ita kuma da digirinta ba inda za ta yi aiki a garin, wannan kaɗai na sa mutane da yawa su ƙi zuwa.

Malam Bashir: Gaskiya ne Ummi, amma ki haɗa da Oulu, wani garin a Finlan ɗin, ita ma ta sha irin wannan duka a shekarun, sai dai tana da jami'a tun 1958 da cibiyar binciken gwamnati, kuma sashen Nokia na na'urorin sadarwa bai tashi ba, waɗanda aka sallama da yawa suka buɗe nasu ƙananan kamfanonin wasu kamfanonin waje suka zo suka kwashe su, yanzu ma can ake binciken 6G. Salo ba ta da jami'a irin wannan. Itacen da ke da saiwa ko an sare shi yana tohowa.

Injiniya Halima: Akwai kuma wani dalilin da kamfanoni ba sa faɗa a fili. Bincike na gaske na cin shekara goma ko fiye kafin a ga amfaninsa, in tawagarka na watsewa duk bayan shekara biyu ba inda za ka je. A ƙaramin gari mutum ya sayi gida, yara sun shiga makaranta, keke yake hawa zuwa aiki, ba kamfani ashirin a layi ɗaya da ke kiransa kullum, sai ya zauna.

Nasiru: To ai kin dawo gidana Anti! Riƙe ma'aikaci ba tare da ka yi ta ƙara masa albashi don kar maƙwabci ya ɗauke shi ba, wannan ba kuɗi ba ne? Kun canja masa suna ne kawai. Kuma ASML ɗin da kike yabo, a 2024 da ta nuna alamar za ta iya faɗaɗa a wata ƙasa ba sai da gwamnatin Holan ta fito da Yuro biliyan 2.5 ba?

Injiniya Halima: A'a Nasiru, da ka fara cewa ka yi fili arha haya arha, yanzu ka koma riƙe mutane, wanda shi ne maganar Malam tun farko. Kuma ka duba inda biliyan 2.5 ɗin aka ce za su tafi, gidaje ne da hanyoyi da jiragen ƙasa da layin wutar lantarki da horar da ɗalibai a yankin Eindhoven, saboda gidaje sun yi ƙaranci sun yi tsada har sabon ma'aikaci na rasa inda zai zauna. Kamfanin da ya zo don arha ai da tuni ya tattara ya bar wurin.

Ummi: Kuma malamin firamare da nas ɗin da aka haifa a garin su ma wannan hayar suke biya Anti, da albashin da bai kama ƙafar na injiniya ba. Palo Alto haka, Kambirij haka. Malam ina so ka amsa min wannan, in cibiya ta zo ta ɗaga gari har 'yan garin suka kasa zama a cikinsa, wa aka yi wa aikin?