Gwada lissafin iskar gaban farfela da awon lidar

Ga abin da injiniyoyi 'yan Zango suka tsayar a wata tattaunawa a Nima, cikin Accra, kan tantance kwaikwayon kwamfuta na iskar da ke tunkarar injin farfela mai samar da lantarki daga iska, ta hanyar kwatanta shi da awon lidar, na'urar da ke auna gudun iska daga nesa da hasken leza.

Iska tana rage gudu tun kafin ta isa farfela, saboda turjiyar injin. Shi ya sa ƙa'idar IEC, hukumar tsara ƙa'idojin kayan lantarki ta duniya, ta sa a auna ainihin gudunta a nisan ninki 2 zuwa 4 na faɗin farfela, an fi son 2.5. Mai gwada kwaikwayo kuwa dole ya auna har kusa da injin, don nan lissafi ke kuskurewa.

Inda aka fi daɗewa shi ne yadda lidar ke gani. Gudun iskar da ke kan layin hasken leza kawai yake kamawa, kuma matsakaici yake bayarwa na wani tsawo, ba na ɗigo ɗaya ba. A lidar mai haske marar yankewa, tsawon nan yana ninkuwa huɗu idan nisa ya ninku biyu. Don haka a kafa lidar na ƙarya, wato na lissafi, cikin kwaikwayon, da kusurwa da nisa iri ɗaya da na gasken, a kwatanta layi da layi. Wanda ya tsallake wannan, kwamfuta zai ɗora wa laifin banza.

A yi aiki da matsakaicin minti 10, idan lidar na bisa injin a bayan farfela a zubar da awon da fiffiken farfela ya tare haske. A raba awon rana da na dare, musamman a bakin teku irin garin Ada, gabas da Accra. Da hunturu ƙura na ƙara ƙarfin hasken da ke dawowa, amma a riƙa goge gilashin.