Wai wanda bai kompile ba bai san Linux ba?

Issoufou: Ni dai na faɗa kuma ina kan bakana, wanda bai taɓa mizajur daga source ba, wato ya kompile, ya haɗa program da kansa daga rubutun kod ɗinsa, bai san Linux ba, apt upgrade mai sauko da pakiti haɗaɗɗu ai ko yaron lakwal ya iya. Tun da na koma Gentoo, Linux ɗin da kai ke kompile pakitinka, na sa -march=native don su dace da mashin, mashin ɗina gudu take, abin da ban so kuma in cire shi da zaɓin USE na Gentoo

Hadiza: Gudun nan ka auna shi ne ko dai a jikinka ka ji 😂

Mahamadou: Bar shi Hadiza, ni na ɗanɗana. Watan Afrilu nan Yamai, zafi kamar a soya ƙwai bisa tol, na buga emerge -uDN @world, mizajur na Gentoo gaba ɗaya, bayan isha'i, sai ga Firefox na jawo Rust, Rust na neman LLVM, duk manyan kayan kompile, ordinatar na huci na ɗora ta kan bulo biyu na juyo mata vantilatar ni ina zufa, ƙarfe uku na dare kuran ya tafi, batir kuma dama ya mutu tuni. Da safe ko buɗe shafi ban iya ba

Issoufou: Ai da --resume ka yi, ya ci gaba

Mahamadou: Ya ci gaba daga farkon pakitin da ya katse dai, awa nawa ke nan?

Malam Abdou: Issoufou ƙanena, batun zaɓi na yarda da kai. Amma jiya a fada ka ce wai source ya fi tsaro, nan ne ban bi ka ba. Ka tuna xz, program ɗin matse fayil, a Maris 2024, siga 5.6.0 da 5.6.1? Ƙofar ɓoyen nan cikin tarball, ƙunshin source ɗin, take, kuma wani injiniya Andres Freund ya gano ta ne don ya ga ssh, hanyar shiga mashin daga nesa, na nauyi. Kai layi nawa ka karanta kafin ka buga make ka kompile?

Issoufou: Malam gaskiya ban karanta ba, amma dai ina da damar karantawa

Hadiza: Ni abin da ke ban haushi masu make install kai tsaye cikin /usr/local, apt bai san da zamansa ba, wata shida sai ka ga laburare biyu suna faɗa ka rasa wa ya kawo wa. Kuma Gentoo ɗin kansu tun Disamba 2023 suka fara ba da pakiti haɗaɗɗu

Issoufou: Wancan don irin su Mahamadou aka yi shi

Mahamadou: To ka kawo mashin ɗin taka fada yau da dare mu buɗe Firefox tare, in taka ta riga tawa shayi na kaina