Abin da aka tattauna a Garwa ta Kamaru kan fayil ɗin marar lafiya na kwamfuta

Mun zauna da likitoci, nas-nas da ungozomomi, ga abin da na tsinta.

Kowa ya yarda cewa sayen kwamfuta shi ne mafi sauƙi. Wahalar tana wurin shugabanci. Idan babban likita bai buɗe fayil da hannunsa ba, na ƙasa da shi ma za su koma rajistar takarda. Aka ce kada a bar wa masanin kwamfuta tsarin shi kaɗai. Wanda ke duba marar lafiya shi zai faɗi abin da za a rubuta.

An daɗe a kan batun karne, wato ɗan littafin asibiti da marar lafiya ke riƙewa. Mace ta taso daga ƙauye, karnen ya jiƙe ko ya ɓace, sai a sake gwajin da ta riga ta biya. Shawara: lamba ɗaya ta bi ta daga awon ciki zuwa ɗakin gwaji da famasi. Tsarin tattara bayanan lafiya na DHIS2 da ma'aikatar lafiya ke amfani da shi alƙaluman wata-wata ya fi tattarawa, bai wadatar da wannan ba.

Wata ungozoma ta ja kunne kan sirri: kowa da kalmar sirrinsa, ba aro. Ni a nan na fi jin tsoro, garin kowa ya san kowa.

Wuta kuwa, a tanadi sola tun farko.