Neman kalma: me za mu kira bitrate da Hausa?

Mai Koyarwa, Gwale: Assalamu alaikum. Gobe da safe zan raba wa ɗalibai takardar darasin fitar da bidiyo bayan an gama tacewa. Resolution na sa "girman hoto", frame rate na sa "yawan hoto a sakan". Bitrate ne ya gagare ni. Abin da nake son faɗa: in ka ɗaga shi hoto ya yi kyau fayil ya yi nauyi, in ka sauke shi fayil ya yi sauƙi hoto ya farfashe. A taimaka kafin magariba, da daddare za a buga takardar.

Editan Zoo Road: Wa alaikumus salam. Mu nan bitret muke cewa. In dole sai Hausa, ka sa "nauyin sakan", don shi ke nuna yawan datar da sakan ɗaya na bidiyo zai ci. Ka ba su lissafin ma: bit 8 ke yin byte 1, saboda haka 8 Mbps, wato bit miliyan 8 a sakan, daidai yake da MB 1 a sakan, MB 60 a minti, MB 600 a minti 10, ban da sauti. Yaron da ya riƙe wannan ya san girman fayil tun bai danna export ba.

Na Farm Centre: "Gudun data" fa?

'Yar Fagge: A'a Yaya, wannan zai haɗe musu da gudun intanet, tunda duka biyun da Mbps ake auna su. Sai yaro ya zaci in network ya yi ƙarfi bidiyonsa zai fito tas. Ni ina bayan nauyin sakan. Malam, ka sa musu adadin da YouTube ta ba da shawara: 720p, 5 Mbps, 1080p, 8 Mbps in hoto 24 zuwa 30 ne a sakan, 12 in ya kai 50 ko 60, 4K kuwa 35 zuwa 45. Fayil MP4, tsarin matse hoto H.264, na sauti AAC.

Malamin Hausa: Ikon Allah! An ce a nemo Hausa, kun kawo "sakan". Sakan Hausa ce? A bi asalin kalmar. Bit ita ce mafi ƙanƙantar ƙwayar bayani, rate kuma yadda take zuba. Sai a ce "zubin-ƙwaya". Gajere ne, ya bi tsarin harɗaɗɗen suna, ba aro a cikinsa.

Editan Zoo Road: Allah ya gafarta Malam, a garin Kano ka miƙa wa matasa takarda an rubuta "ƙara zubin ƙwaya"? Uba ya gani a jakar ɗansa, ai da safe yana bakin makaranta.

Malamin Hausa: Kun gani ko? Kalma mai tsafta, 'yan shaye-shaye sun ɓata ta, ku kuma kun sallama musu. Ƙwayar hatsi fa? Ƙwayar ido fa? Matsalarku ku masu tace finafinai, duk abin da ya fito daga kwamfuta haɗiye shi kuke yi ba tauna. In ma nauyin kuka nace, ku ce "nauyin daƙiƙa".

Na Farm Centre: Daƙiƙa ai Larabci ce Malam, kuma a can minti take nufi. In mai karatun Islamiyya ya ɗauke ta minti, lissafinsa ya kauce ninki 60.

Malamin Hausa: Aron da ya shekara ɗaruruwa a bakin kakanni ba ɗaya yake da na jiya ba. Gidajen rediyo daƙiƙa suke cewa.

Editan Zoo Road: Kuma "minti" suke cewa kusa da ita. Mu da muke kwana a kan abin, ba a taɓa tambayarmu, sai dai a ƙirƙiro a aji a ce mu haddace.

Injiniya, Sabon Gari: Ku bar wannan, akwai abin da ya fi shi. Ba kowane sakan ke da nauyi ɗaya ba, kuma dole kalmar ta iya ɗaukar wannan. A CBR kowane sakan rabonsa ɗaya. A VBR na'ura tana rage wa inda hoto ya natsu ta ƙara wa inda motsi ya yi yawa. Malami zaune yana karatu, bango a bayansa, 1080p a 4 ko 5 Mbps ya ishe shi. Hawan Daushe kuwa, dawaki na sukuwa, ƙura ta tashi, kayan doki na walƙiya, a wannan adadin sai hoton ya koma murabba'i-murabba'i, domin kusan komai yana canzawa daga hoto zuwa hoto. Haka bidiyon biki da aka ɗauka da dare ba isasshen haske, tsakin da ke cikin duhun shi ma data yake ci. A manhajar tace bidiyo ta Premiere ka zaɓi VBR 2 pass, target 8, maximum 12: zagaye na farko tana nazarin bidiyon, na biyu tana rabon. Ya fi ɗaukar lokaci, in ba tabbacin wuta a yi 1 pass. Da nauyin sakan sai a ce CBR "nauyi tsayayye", VBR "nauyi mai sauyawa". Zubin-ƙwaya tsayayye kuwa ban san yadda zubi ke tsayawa ba.

'Yar Fagge: A ƙara musu gargaɗi kan HandBrake, manhajar matse bidiyo, don can abin a juye yake. Lambar RF, wadda ake saita inganci da ita, in ta yi ƙasa inganci ke hawa. 20 zuwa 23 ta yi wa 1080p. Kuma ɗaga nauyi sama da na ainihin abin da waya ta ɗauka ba ya ƙara kyau ko kaɗan, data kawai za a ƙona wajen ɗorawa. YouTube da Facebook duk sai sun sake matse shi. A WhatsApp, in ana son ya isa yadda yake, a tura shi a matsayin document.

Injiniya, Sabon Gari: Kuma in da hoto 25 a sakan aka ɗauka a fitar da 25. Juya shi zuwa 30 na sa motsi ya riƙa tsalle. H.265 na rage fayil sosai, amma wasu tsofaffin wayoyi sai ya riƙa sarƙewa.

Malamin Hausa: Duk wannan ilimi, amma kalma ɗaya ta gagare ku.

Mai Koyarwa, Gwale: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Zan sa "nauyin sakan", in rubuta bitrate a gefensa karo na farko, tunda ita za su gani a manhajar. Tsayayye da mai sauyawa ma na ɗauka. Malam, a yi haƙuri da ƙwaya.

Malamin Hausa: Nauyin na yarda da shi, ba don ya fi nawa ba. Ni dai a ajina daƙiƙa zan ce.

Na Farm Centre: To codec fa, wato tsarin matsewa irin su H.264, me ka sa?

Mai Koyarwa, Gwale: Kodek. Takarda ta riga ta tafi wurin bugu.