Wane suna za mu tsayar wa agogon hannun da ke aiki da manhaja?

Mai buɗe zaren:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa masu aiki da harshen Hausa. Muhawarar da ake tafkawa a kan agogon hannun nan da ake kira "smartwatch" da Turanci tana zagayawa ne a kan abubuwa uku: ko ana samunsa a kanti ko sai an yi oda an jira, yawan waɗanda ake sayarwa a shekara, da abin da kamfanoni za su ƙara masa nan gaba. Duk wanda ya tashi rubuta wannan labari da Hausa yakan yi tuntuɓe tun a jimlar farko, domin har yanzu ba mu tsayar da suna ɗaya ba. Wani ya ce agogon zamani, wani agogo mai wayo, wani kuma ya bar kalmar Turancin yadda ya same ta. Shawarata ita ce mu gwada kowane suna a cikin labarin kasuwar kansa, tun da a irin waɗannan labarai ne sunan zai yi aiki.

Abin da muke magana a kansa agogo ne mai fuskar gilashi wadda takan yi haske da zarar ka ɗaga hannu. A bayansa, inda yake taɓa fata, akwai ɗan koren haske da yake ƙirga bugun zuciya da shi. Idan saƙo ya shigo wayarka sai ya girgiza a wuyan hannunka, idan batirinsa ya yi ƙasa kuma sai ka cire shi ka ɗora a kan cajar maganaɗisu. Abin da ya raba shi da sauran agoguna shi ne yana da babbar manhaja irin ta waya, ana iya saka masa ƙananan manhajoji, kuma kamfani na iya ƙara masa aiki ko rage masa bayan ka saya.

Sunan "agogon zamani" shi ya fi yawo, amma ba ya riƙe ma'ana. Agogon Pebble da ya tara sama da dala miliyan 10 a shafin tara kuɗi daga jama'a na Kickstarter a 2012 na zamani ne a lokacinsa, haka ma Galaxy Gear da Samsung ya fitar a 2013. Kamfanin Pebble ya rufe a ƙarshen 2016, kamfanin Fitbit mai ƙera na'urorin hannu na motsa jiki ya sayi fasaharsa, shi ma Fitbit ɗin Google ya saye shi a kan dala biliyan 2.1, cinikin da aka kammala a farkon 2021. Idan ɗan jarida ya rubuta cewa tsohon agogon zamani ya daina karɓar manhaja, jimlar ta ci karo da kanta. Bayan haka, sabon agogo mai allura da aka ƙera bana shi ma na zamani ne, alhali ba shi muke nufi ba. Shi kuwa "agogo mai wayo" fassarar kai tsaye ce, kuma a kunnen Bahaushe wayo na yaron da ya fara hankali ne ko na mutumin da ya kamata a yi hattara da shi, don haka ban ga ya dace da na'ura ba.

Ni dai na karkata ga "agogon komai-da-ruwanka", domin kafofin labarai na Hausa sun riga sun saba wa masu sauraro da "wayar komai-da-ruwanka", kuma wanda ya san wancan zai gane wannan ba tare da dogon bayani ba.

Wata malama mai aikin fassara:

Wa alaikumus salam, Malam. Na yarda da kai a kan sunaye biyun da ka ajiye gefe, amma ina da ja a kan wanda ka zaɓa. Yana da tsawo ƙwarai, kuma duk wanda ya taɓa rubuta kanun labari ya san cewa sunan da ya cinye rabin layi editoci kan yanke shi ko ana so ko ba a so. Sa'an nan asalin kalmar ba yabo ba ne, domin mutumin da ke tsoma baki a abin da bai shafe shi ba ake kira haka. Me zai hana mu ce "agogon waya"? Gajere ne, kuma yana faɗin gaskiyar abin. Agogon Apple ba ya saituwa sai da iPhone, kuma ba ya aiki da wayar Android ko kaɗan, shi ya sa mai saye yakan fara duba wayar da ke aljihunsa kafin ya zaɓi agogo. Wannan dogaro da waya shi ne babban abin da ya tsara kasuwar, domin shi ya raba masu saye gida biyu: masu iPhone a gefe ɗaya, masu Android da agogunan da ke aiki da babbar manhajar Wear OS, irin na Google, Samsung da sauransu a ɗaya gefen.

Wani mai harkar na'urori:

Malam, Malama, a yi mini afuwa in shigo. A ganina sunan ya kamata ya bi inda abin ya dosa, kuma inda ya dosa shi ne lafiya. Duba yadda Apple ya riƙa ƙara wa nasa aiki: a 2016 ya saka masa GPS ya kuma sa ana iya iyo da shi, a 2018 ya ƙara ɗaukar hoton bugun zuciya da gane cewa mai shi ya faɗi, a 2020 ya ƙara auna iskar oksijin a cikin jini. Yawancin masu gardama a kan sabon samfuri suna tambaya ne ko zai auna hawan jini ko sukari. Saboda haka "agogon lafiya" nake gani ya fi kusa da abin da mutane ke biyan kuɗi dominsa.

Mai buɗe zaren:

Malama, hujjarki ta tsawo tana da ƙarfi, zan dawo kanta. Matsalar "agogon waya" ita ce wurin ya riga ya cika. Idan na ce miki duba agogon wayarki, lambobin lokaci da ke saman fuskar wayar za ki duba, kuma haka kowa zai yi. Labarin da ya ce "an dakatar da sayar da agogon waya" zai rikita mai sauraron rediyo wanda ba ya ganin hoto. Ƙari a kan haka, tun 2017 da Apple ya fitar da samfuri na uku mai layin salula nasa, ana iya fita da agogon a bar wayar a gida a kuma amsa kira, don haka sunan da ya ɗaure shi da waya zai riƙa raguwa da gaskiya yayin da agogon ke ƙara tsayawa da ƙafarsa.

Ɗan'uwa mai harkar na'urori, labarin kasuwa guda ɗaya ya isa ya nuna raunin "agogon lafiya". Kamfanin Masimo na Amurka, mai ƙera na'urorin asibiti, ya kai ƙarar Apple a kan cewa ya taka haƙƙin mallakar fasaharsa ta auna oksijin. A watan Oktoba na 2023 hukumar cinikayyar ƙasa da ƙasa ta Amurka ta ba Masimo gaskiya, a watan Disamba Apple ya janye agogunansa samfurin Series 9 da Ultra 2 daga shafinsa da kantunansa na Amurka ana tsakiyar cinikin ƙarshen shekara, kotun ɗaukaka ƙara ta dakatar da haramcin na ɗan lokaci, sa'an nan daga watan Janairu na 2024 Apple ya ci gaba da sayar da su a Amurka amma an kashe wannan aikin ta hanyar manhaja. A lokacin na'urar aunawar tana nan a cikin agogon, sai dai an hana ta aiki, a sauran ƙasashe kuma ta ci gaba da aiki yadda ta saba. Aikin da hukuncin hukuma zai iya kashewa a ƙasa ɗaya ya bar shi a wata bai kamata ya zama ginshiƙin suna ba.

Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan. A watan Fabrairu na 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke iƙirarin auna sukarin jini ba tare da huda fata ba, alhali ana tallar irinsu a shafukan saye da sayarwa. Idan muka raɗa wa kowane agogo mai gilashi sunan lafiya, mun yi wa masu wannan talla aiki kyauta, kuma mai ciwon sukari da ya dogara da lambar da ya gani a hannunsa zai iya yin kuskuren magani. A bar kalmar lafiya ta zama bayanin wani aiki na agogon a inda aka tabbatar da shi.

Wani ɗan jarida:

Allah ya ƙara sani, Malam. Tun da an ce a gwada sunan a cikin labarin kasuwa, ina roƙon a haɗa da wasu kalmomi biyu da suke ba mu wahala fiye da sunan agogon. Na farko shi ne alƙaluman ciniki. Apple ba ya bayyana yawan agogunan da ya sayar, yana haɗa kuɗinsu ne da na na'urorin sauraro na kunne na AirPods da sauran ƙananan kaya a rukuni ɗaya. Lambobin da ake gardama a kansu ƙiyasi ne na kamfanonin nazarin kasuwa irin su IDC da Counterpoint, kuma yawanci abin da suke ƙirgawa shi ne kayan da suka bar masana'anta zuwa hannun dillalai. Misali, ƙiyasin da kamfanin nazarin kasuwa na Strategy Analytics ya yi cewa a 2019 Apple ya fitar da agoguna kimanin miliyan 31, yayin da dukan masana'antar agogo ta Suwizalan ta fitar da kimanin miliyan 21, na kayan da aka fitar ne. Sau da yawa mukan rubuta "an sayar" a irin wannan wuri, alhali wasu kayan suna nan jibge a rumbun dillali. Ina ganin mu riƙa cewa "an fitar wa dillalai" ga kayan da suka bar masana'anta, mu keɓe "an sayar" ga abin da ya shiga hannun mai saye.

Haka ma batun samuwa. Lokacin da agogon Apple ya fara fita a ranar 24 ga Afrilu, 2015, a kasuwanni tara, mutum kan shiga kantin kamfanin ya gwada a hannunsa, amma ba zai fita da shi ba, sai ya yi oda ta intanet ya jira, wasu har makonni, kuma sai a watan Yuni aka fara sayarwa a kantunan kai tsaye. Wanda ya rubuta cewa agogon "ya shiga kasuwa" a Afrilu bai yi ƙarya ba, amma bai gaya wa mai karatu abin da yake son sani ba. Gara a bambanta "an buɗe oda" da "ana samunsa a kanti".

Kalma ta biyu ita ce wadda ake amfani da ita ga ƙarin da ake yi wa agogon. Masu gardama kan cakuɗa abubuwa biyu: sabuwar manhaja da ke sauka kyauta a kan agogon da kake da shi, da sabon agogo da sai ka sake biyan kuɗi. Mai tambaya ko ya saya yanzu ko ya jira watan Satumba, lokacin da Apple ya saba fitar da nasa, yana magana ne a kan na biyun.

Malama mai aikin fassara:

Wannan mai sauƙi ne, ɗan'uwa: "sabunta manhaja" ga na farko, "sabon samfuri" ga na biyu, kuma dukansu suna bakin mutane tuni. Game da sunan agogon, Malam, na janye "agogon waya" saboda rikicin da ka nuna, amma har yanzu ina jiran amsar tsawo.

Mai buɗe zaren:

Malama, amsar ita ce a rubuta cikakken sunan sau ɗaya a farkon labari, daga nan a ci gaba da cewa "agogon" ko "agogunan", kamar yadda ake yi da wayar. A kanun labari kuma sunan kamfani yakan wadatar, domin "agogon Apple" ko "agogon Garmin" ba ya buƙatar ƙari. Zancen cewa kalmar ba yabo ba ce bai dame ni ba, domin na'urar da ke ƙirga takunka, ta lura da barcinka, ta karanta saƙonninka, ta kuma tuna maka ka tashi tsaye idan ka daɗe a zaune, ta cancanci sunan da ma'anarsa biyu. Agogon da aka yi wa kirari da sarkin aiki saboda aiki ɗaya tak, yanzu an jibga masa ayyuka da dama, kuma ko an cire ɗaya an ƙara biyu a samfurin baɗi sunan bai tashi aiki ba. Ƙananan na'urorin hannu marasa karɓar manhajoji, masu ƙirga taku da bugun zuciya kawai, sai mu kira su "munduwar motsa jiki" domin kada alƙalumansu su cakuɗe da na agogon.

Ga jimlar gwaji, duk wanda ya ga inda ta yi tuntuɓe ya gyara: "An buɗe odar sabon samfurin agogon komai-da-ruwanka na kamfanin, amma ba za a same shi a kanti ba sai mako mai zuwa, kuma masu tsohon samfuri za su iya sabunta manhajarsu kyauta, manazarta sun ce yawan agogunan da aka fitar wa dillalai bai nuna yawan waɗanda aka sayar ba."